Kifayen da Ke Banɗakin Yayata

Yayata malamar jami'a ce, kifi take nazari. Ni da nake zaune a gidanta da keken ɗinkina na sha ƙarni har na gode Allah. Ka buɗe firij neman ruwan sanyi, sai ka yi ido huɗu da kwalba cike da hanjin kifi. Mijinta tuni ya sallama, ya sayi ƙaramin firij ya kai ɗakinsa. Maƙwabta suna ce mata Anti Ƙarni, tana amsawa har da fara'a.

Shekara da shekaru tana shiga wani tafki a bayan tsohon wurin fasa dutse, ruwa har ƙugu, sauro na shagali da ita. A can ta gano wani ɗan kifi da bai kai yatsa ba, ta ce ba a taɓa samun irinsa a wani wuri ba. Namijin ja ne da ratsin shuɗi, kamar sabon yadi. Macen kuwa kalar laka, in ka gan ta ba za ka sake kallo ba. Ta wallafa bincikenta da hotuna da taswirar wurin, don hukuma ta killace tafkin.

Hukuma ba ta karanta ba. Dillalan kifin ado ne suka karanta, kuma karatun natsuwa suka yi. Suka bi taswirar da gidan sauro, suka tace tafkin tas. Mazan suke so, su ne masu kyau a gilashi. Matan kuwa a bakin ruwa suke watsarwa. Ranar da na raka ta tafkin da bokiti, ƙudaje ne suka fara tarbarmu. Na toshe hanci da mayafi, ita kuwa ta durƙusa cikin ruɓar nan, tana tsince masu sauran motsi a 'yan kududdufai.

"Yaya, don Allah tashi mu tafi."

"Riƙe bokitin," abin da ta ce ke nan.

Matan da ta tsinto suka tare a baho cikin banɗakinmu, ni kuma na koma wanka a na yara. Ruwan sama take tara musu, don na famfo kashe su yake yi. Namiji ɗaya tak take nema, su yi ƙwai ta mayar tafki. Kifin ba mai tsawon rai ba ne, in matan suka tsufa shi ke nan. Ta yi ta komawa tafkin, ko ɗaya babu. Dillalan kuwa da sun ji muryarta sai su kashe waya.

Ana nan sai shugaban cibiyarsu ya kira ta, wai bincikenta ya zaga duniya, za a karrama ta. Tana shiga ofishinsa ta ga akwatin gilashi kusa da labule, 'yan mazan nan jajaye suna yawo a ciki. Wurin dillalan ya saya.

"Ranka ya daɗe, aron guda ɗaya nake roƙo."

"Haba Dakta, bari a gama taro. Baƙi za su so ganin tasirin aikinmu."

Aikinmu, in ji mutumin da takalminsa bai san laka ba.

Ranar taron na zo da bokitin ɗaukar namijin na tura ƙarƙashin kujera. Ashe da safe an wanke akwatin da garin sabulu, an cika shi da ruwan famfo don ya yi ƙyalli a hoto. Baƙi suka kewaye shi, wani mai ƙaton tumbi har da marmasa musu kek. Daga kan dandamali Yaya ta hango kifayen suna haki a saman ruwa. Ta miƙe, aka riƙo hannunta, wai ta tsaya shugaba bai gama jawabi ba. Ni ma na yunƙura da bokitina, mai gadi ya tare ni, ya ce layin manyan baƙi ne.

Kafin a gama tafi kifayen duk sun juya ciki sama. Wata mai raba abinci ta kwashe su da kofin shayi, ta zuba a kwandon shara tare da ƙasusuwan kaza.

Shugaba ya dafa allon yabon da ya miƙa mata. "Kar ki damu, Dakta, mun samu hotuna masu kyau. Kuma ai kifin yana nan a rubuce."

Wallahi da bokitina da ruwa, da a kansa zan juye. Ban taɓa jin ƙyamar mutum kamar ranar ba.

Allon katako ne mai faɗi, da zanen jan kifi a tsakiya. Ya yi daidai da bakin baho, da shi take rufewa saboda kyanwa. Kullum da safe sai ta ɗaga, ta tsame wadda ta mutu, ta canza wa sauran ruwa. Jiya ta ɗaga, ta tsamo ta ƙarshe a tafin hannu, ta daɗe tana kallonta. Sannan ta leƙo ɗakin ɗinki ta ce in na ga dama in dawo da sosona, banɗakin ya samu. Har yanzu a na yara nake wanka.