Lambun Baba a Saman Soro

Da Baba ya ajiye aikin koyarwa, sai son noma ya taso masa, shi da ko fartanya bai taɓa riƙewa ba. Gidanmu na unguwar Sheshe kuwa babu filin da kaza za ta yi tono. Sai ya tara tsofaffin buhunan shinkafa, ya huhhuda gindinsu, ya cika su da ƙasa da busasshen kashin awaki, ya jera a saman soro. Daminar farko masara ya shuka, ta yi tsawo ta ƙi goyo. Umma ta yi ta yi masa tsiya, wai manomin sama. Daga baya ya gane kan abin, ya koma alayyahu da attaruhu da tumatir. Da ya dawo sallar asuba zai hau da butarsa, ba ya saukowa sai rana ta fara zafi.

Ana nan sai yanar ido ta rufe masa gani. Wata safiya ƙafarsa ta kuskure matakala, ya gangaro, ya bugu a ƙugu. Ni ce babbar 'yarsa, kuma ni ce mai baki, na ce daga yau hawa ya ƙare. Na sa ƙannena suka sauko da buhunan, muka jera su a tsakar gida kusa da tabarmarsa. Har ina jin kaina, ga lambu ya zo gaban mai shi.

To, tsakar gidanmu kamar rijiya take tun da maƙwabta suka ɗora bene. Rana sai ta take tsaka take leƙowa, ta wuce. Tumatir ya miƙe siriri, ganyensa ya koɗe, furen attaruhu ya zube. Muka haɗa baki ba mai gaya masa. In ya tambaya sai mu ce, “Baba, sai son barka.”

Rannan na zo gaishe shi, na tarar yana shafa jikin tumatirin daga gindi har kai.

“Zo nan,” ya ce. “Wannan rabonsa da rana ya daɗe.”

“Taki zan ƙaro, Baba.”

“Ba taki yake nema ba. Taɓa ki ji yadda ya miƙa wuya, sama yake so.” Ya saki tumatirin, ya ce, “Ni ma tun da kuka sauko da ni, abinci bai ƙara yi min daɗi ba.”

Tausayinsa ya kama ni, na shiga ɗakin Umma na yi kukana. Cikin satin na kawo mai walda ya kafa ƙarfen dafawa a jikin matakalar, buhunan suka koma inda suka fito.

Ranar da zai fara hawa ni na riƙe shi, ina ta faɗin a hankali har ya ce na cika surutu. Da muka kai sama ya tsaya, ya ɗaga fuska yana jin hantsi. Sai ya zare hannunsa daga nawa.

“Ba ni butar,” ya ce. “Daga nan na san hanya.”