Takardar da Hajiya Lami ta ɗinke a fata

Idan ka bi ta Mokola a Ibadan, kusa da shataletale, za ka ga wani mai furfura a ƙarƙashin lema yana canza gilashin waya. Baffa Ridwan ke nan, ƙanin mahaifina. Masu kawo gyara suna kiransa Oga Furofesa don tsokana. Ni ce mai riƙe da akwatin takardun gidanmu, don haka na san tsokanar ba ta yi nisa da gaskiya ba.

A Sabo, unguwar Hausawan Ibadan, aka haife shi, kamar ubansa. Shi ne na farko a zuriyarmu da ya yi digiri na biyu. Bincikensa a kan wani sinadari ne da ake kira likwid kiristal, wanda ke cikin gilashin waya da talabijin yana fitar da hoto. Ina 'yar firamare ya yi min bayani: abu ne mai malala kamar ruwa, amma ƙwayoyinsa a jere suke kamar sahun salla, idan wuta ta taɓa su sai su juya tare. Shi daga man ɓawon kashu yake ƙoƙarin haɗa nasa. Buhu-buhu yake kwaso ɓawon daga gonakin Akinyele, man ya ƙone masa yatsu, har yau tabon na nan.

A 2012 wata jami'a a Turai ta ba shi gurbin digiri na uku, da sharaɗin ya samu tallafin gwamnati. Tallafin kuwa kowace jiha da kasonta, sai an nuna takardar shaidar asali. Wata biyu aka ba shi.

A nan Ibadan ma'aikacin da ke ba da takardar ya dubi sunansa, ya ce masa da Yarbanci ya tafi garinsu. Baffa ya amsa da Yarbancin da ya fi nasa, cewa nan ne garinsu. Mutumin ya yi dariya ya kira na bayansa.

Sai ya hau mota zuwa Arewa, ƙauyen da kakansa Malam Ɗanbaba ya baro da fataucin goro. Dagaci ya ba shi ruwa, ya saurare shi, sannan ya ce, "Yaro, ina gonarku? Ina kabarinku? Wa ya san ku a nan?" Ɗanbaba uku aka tuna a garin, babu wanda aka san ya tafi kurmi. Dagaci ya ce ko wasiƙa ce ya kawo, mai sunan wani ɗan gari, zai sa hannu. Baffa ya dawo, muka zazzage gida, ba mu samu komai ba. Wa'adi ya wuce.

Wata abokiyar bincikensa ce ta samu gurbin, ita ta tafi. Ba ta ci amanarsa ba, sunansa na kan takardar da suka wallafa tare, kuma ta sha aiko masa cewa masu bincike a ƙasashe da dama suna ambaton aikin. Ya nuna min sau ɗaya a waya. Ya yi shekara huɗu yana koyarwa a makarantar kuɗi, daga nan ya sayi lema.

Bara mahaifiyarsa, Hajiya Lami, ta rasu. Muna raba kayanta na ga wata laya a ƙasan kwalla. Kowa ya san ta, surukinta Malam Ɗanbaba ne ya bar mata, ta ɗinke ta a fata, ba ta bari ko yaro ya taɓa. Ɗinkin ya ruɓe, takarda ta leƙo. Na kai wa malamin Islamiyyarmu ya gaya min wace addu'a ce.

Ya karanta, ya ɗago kai. "Sakinat, wannan ba addu'a ba ce. Wasiƙa ce da ajami."

Daga yayan Malam Ɗanbaba take. Sunansa, sunan unguwarsu, gaisuwar mutum bakwai, da labarin gonar da ke jiran ƙaninsa. Hajiya ba ta karatu, duk rubutun da ya yi kama da na allo sunan Allah ne a wurinta. Ranar da Baffa zai tafi Arewa, ita ta ɗora masa wannan layar a ka ta yi masa addu'a, ta mayar da ita kwalla.

Na same shi a Mokola yana ɓamɓare gilashin wata waya. Mai wayar na tsaye yana roƙo, yana haɗawa da Yarbanci, "Oga Furofesa, jo, yi sauri mana."

Baffa ya karanta wasiƙar a hankali, yana bin layi da yatsansa mai tabo. Na ce, "Baffa, ko za mu je? Wataƙila dagacin yana nan."

"Mu je mu yi me, 'yata? In ce musu na zo karɓar tallafin shekara goma sha biyu da ta wuce?"

Ya naɗe ta yadda take, ya miƙo min. "Ki sa a akwatinki. Ƙaninki Talha zai gama sakandare baɗi, shi ma za su tambaye shi ɗan ina ne."

Ya jawo wayar, ya ce da mutumin, "Gilashin ya mutu, sai sabo."