Auduga a Hannun 'Yar Fari

A gidanmu uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, balle ta zaunar da ita ta tambayi lafiyarta. Haka aka rene ni, haka na rene tawa a Agege, duk da dariyar da maƙwabtana Yarabawa ke yi mini.

Da ta gama jami'a ta samu aiki a ɗakin binciken ciwon daji a wajen Idi-Araba. Ban damu ba sai da ta fara dawowa da auduga manne a gwiwar hannu. Ga rama, ga rashin cin abinci. Daji ne ya ɗauke yayata, ita ma da yawan ɗibar jini aka fara. Tsoro ya kama ni, amma bakina ya yi nauyi.

Na tura ƙanwata ta bugi cikinta. Ta dawo wai aiki ne kawai. Ita kuwa ƙanwar nan tawa ko gobara ta gani cewa za ta yi hayaƙin girki ne. Na dinga dafa hanta da zogale ina ajiyewa a ƙofar ɗakin yarinyar, kamar ba ni na dafa ba.

Ranar da na sake ganin audugar na ce kunya ta yi kaɗan. Na tare ta a tsakar gida.

"Ke, me likita ya ce kina da shi?"

Ta bi idona zuwa hannunta.

"Haba Inna, ƙalau nake! A jini akwai ƙwayoyin da ke kashe cuta, akwai mataimakansu masu ba su umarni. Mataimakan muke so mu horar su gane daji. To gardama gare su. In mun rene su a kwalba su gaji, ko su mutu, ko su sauya hali su hana sauran faɗa. In sun lalace sai an nemi sabon jini, shi ne nake ba da nawa."

"Ramar fa?"

"Wahalar shiga motar danfo ce da gosulo, Inna."

Na zauna kan turmi. Ban gane rabin bayanin ba, amma na ji sanyi har cikin raina, na yi kuka a gabanta ban ɓoye fuska ba. Ta durƙusa ta riƙe hannuna, na bar mata.

Har yau, in ji ta, ƙwayoyin nan ba su gama jin magana ba. Su yi ta gardamarsu, tunda a kwalba suke yi, ba a jikin 'yata ba.