Gawayin Mai Buntu

Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa. Mai Buntu kowa yake ce masa, domin tun yana saurayi aikinsa ke nan a injin casar shinkafa: ya kwashe buntun da injin yake fesowa ta baya, ya loda a baro ya kai juji. In tsibin ya yi yawa mai injin ya sa a cinna masa wuta, hayaƙi ya turnuƙe unguwa, mata su kwashe shanya suna tsine wa injin da mai shi. Mutum ne siriri marar yawan magana, girarsa kullum fari fat da ƙura, har ba wanda ya san ranar da furfurar gaske ta zo ta karɓi aikin.

Matarsa Iya kuwa, magana ce sana'arta ta biyu, ta farko girki. Madafinta ɗan ɗaki ne a kusurwar tsakar gida, tagarsa kamar tafin hannu, bango baƙi ƙirin. Nan ta ƙare ƙuruciyarta, durƙushe gaban murhu tana hura ɗanyen itace, hawaye na zuba tana sharewa da bakin zani. In ya ce ta fito ta sha iska, sai ta tambaye shi ko miyar ce za ta motsa kanta. Daga kan 'yar kujerarta ta bakin murhu take mulkin gidan: ta san wanda bai ci ba, ta san wanda ya yi faɗa a waje, ta karanta fuskar mijinta tun yana ƙofar gida.

Da idanunta suka fara dushewa ta ɓoye, har ranar da ta zuba wa jikanta omo a shayi a madadin madara. Likita ya duba ya ce hayaƙi ya riga ya yi ɓarna, ɗan ganin da ya rage a lallaɓa shi, ta rabu da itace. Babban ɗansu ya ce ai da sauƙi, matarsa ta karɓi girki, Iya ta huta.

"Ranar da kuka fitar da ni daga madafin nan," in ji ta, "kada ku tsaya da ni a ɗaki. Ku wuce da ni kushewa."

Mai Buntu a ransa ya yanke hukunci: Iya ba za ta bar madafi ba, hayaƙin ne zai bar shi. Ya sha gani a juji cewa can tsakiyar tsibi, inda iska ba ta kaiwa, buntu baƙi yake zama, ba ya komawa toka. Ya kuma taɓa jin malamin gona yana cewa ana cura irinsa a yi gawayi. Sai ya samo tsohon duro ya huda gindinsa, ya cika shi da buntu da totuwar masara da ɓawon gyaɗa, ya sa wuta, ya rufe ya liƙe da laka. Abin da ya fito ya daka, ya tankaɗe, ya kwaɓa, ya cura, ya jera a kan kwano ya bar wa rana.

Na farko ya ruguje a hannu. Na biyu ya cika masa yumɓu, ya fito kamar tubali, ashana ta ƙare bai kama ba. Na uku ya dama garin rogo ya haɗa, ya kama tsaf, awakin maƙwabta suka hau suka cinye rabi suka tafi da baƙin baki.

"To Malam, ka samu masu saye," in ji Iya. "Saura mu 'yan Adam."

Ya yi dariya, amma hankalinsa ba a kwance yake ba, domin tsere yake yi da idanunta, kuma su ne a gaba. Damina ta sauka, curin ya ƙi bushewa, ya yi funfuna. Da can tun daga ƙofar gida take gane shi. Aka koma sai ya zo tsakar gida. Aka koma sai ya yi tari. Wata rana ta juyo tana yi masa faɗa a kan rigar da ya ɓata, ya ga idanunta sun sauka a gefensa, kan turmi. Ya ja jiki a hankali ya koma inda take kallo, don kada ta sani. Ya yi kewar hararar nan tata fiye da yadda yake kewar ƙuruciyarsa.

Sai bayan kaka abin ya yi. Gawayin ya fito da nauyi, ya kama da wuri, ya daɗe yana ci, ba hayaƙi ba tartsatsi. Mai shayi ya saya, mai guga ya saya, matan unguwa suka zo koyo da tasoshinsu, har mai injin ya daina ƙona juji. Mutane suna ta sa masa albarka, shi kuwa mutum ɗaya ya yi wa, kuma a lokacin ba ta bambance rana da inuwa. Da hannu da hanci da kunne take girkinta.

Ya kankare bangon madafin ya shafa farar ƙasa. Ya kawar da duwatsun murhu ya ajiye sabon kurfoti a gurbinsu. Ranar da zai nuna mata, zumuɗi ya ɗebe shi, ya riga ta shiga ya hura wutar, ya fito ya tsaya a bakin ƙofa bai faɗa mata ba, wai ta ji daɗin abin da kanta. Iya ta lalubo kujerarta ta zauna. Ta shaƙi iska ba ta ji komai ba, ta kasa kunne shiru. Ta fara mita cewa rana ta yi ba wanda ya hura wuta, ta miƙa hannu ta kwashe tokar jiya kamar yadda ta saba. Kafin ya buɗe baki ta damƙi garwashi.

Yatsu suka sale. Ɗansu ya ce magana ta ƙare, wannan karon kuma ba wanda ya musa. Surukarsu ta karɓi madafi, aka shimfiɗa wa Iya tabarma a ƙofar ɗaki. Hannu ya warke, baki bai warke ba. Gidan ya yi tsit, ba faɗa ba zolaya, ta wuni fuskarta na fuskantar inda ba kowa. Mai Buntu ya daina zuwa wajen duronsa. Da ya kasa jurewa ya zauna kusa da ita ya ce ta yafe masa.

"Wutarka ba ta da laifi, Malam. Bebiya ce kawai. Ba ta magana, ba ta wari. Ni kuwa da su nake ganinta." Sannan ta ce, "Yanzu ko lokacin ɗora tukunya ban sani ba. Kamar gidan da aka tashi."

Washegari da hantsi ya fita bayan gari ya dawo da 'yan ƙirare a ƙunshe cikin rigarsa. Ya roƙi surukarsa ta ɗan ba shi wuri. Ya zaɓi guda mai sauran ɗanyantaka ya ɗora a kan jan gawayin da ya ƙare watanni yana korar hayaƙi daga cikinsa. Itacen ya yi tsuwa, ya fashe, hayaƙi ya miƙe ya lashi farin bangon ya fita ta ƙofa.

Iya ta ɗaga kai. Ta miƙe ta dafa bango, ba wanda ya riƙe ta, ta bi warin har bakin madafi, ta kauce wa kurfotin daidai, ta zauna a kujerarta. Ta tambayi wanda ya yanka albasar nan manya-manya kamar za a ba doki, ta ce a miƙo mata ludayi. Ɗansu ya taso zai yi magana, uban ya ɗaga masa hannu. Idon da ake tsoron hayaƙi ya ɓata ya riga ya tafi.

Ya tsuguna a gefenta da sauran ƙiraren a cinya, idanunsa na yaji suna zubar da ruwa, bai share ba. Da hayaƙin ya fara sirancewa ta karkato kai wajensa.

"Ƙara ɗaya, Malam. Ta fara yin shiru."