Bangon ɗakinmu na Gummi

Jama'a, na daɗe ina haɗiye maganar nan. Jiya wata ta saka hoton bangon ɗakin hayarta a zauren nan, ya yi baƙi, tana tambaya ko da matsala. Shirun ya isa haka.

Farkon shekarun tamanin aka turo maigidana koyarwa Gummi. Muka kama ɗaki a gidan wani Alhaji mai fataucin shinkafa, bango fari tas, ya sha farar ƙasa. Aka yi mini jere, gado da kwanuka suka rufe bangon gabas.

Ashe bayan bangon nan matan Alhajin ke turara shinkafa, nan suke sheƙa ruwan.

Da damina tari ya kama ni. Ƙirjina na kuka kamar kyanwa, ɗakin na wani wari irin na tsumman da aka manta cikin bokiti. Na yi ta banka turare, ni wawuya.

Matan gidan suka yanke cewa tarin huka ne. Suka ware mini moɗa. Aka cire ɗiyata Hadiza daga nono, ko zama ba ta iya ba, aka kai ta Bukkuyum wurin Inna, mahaifiyata. Wallahi wannan ya fi tarin ciwo.

A asibiti na tofa kaki a kwalba, aka tura mu Sakkwato hoton ƙirji, 'yan kunnena suka tafi a kuɗin mota da magani. Na ɗauka mutuwa zan yi ban sake ganin ɗiyata ba. Likita ya ce ba tarin huka ba ne, asma ce, ya tambaye ni ko inda nake kwana akwai danshi.

Inna ce ta zo ta sa aka ja gadon.

Tir! Bangon baƙi ƙirin, hunhuna ta yi gashi, bayan kwanukana duk ya yi kore. Inna ta kankara da wuƙa, sai ga wani baƙin ƙarƙashin farar ƙasar, shafi kan shafi. Na fita na yi amai.

Aka kira Alhaji. Ko kunya babu, ya tsaya bakin ƙofa yana toshe hanci.

"Bango nawa na, Malam, amma abin da yat tsiro cikin ɗaki naku na. Matarka ba ta buɗe taga."

Tagar da tafin hannuna ke rufewa!

Muka kwashe kayanmu. Ba mu gama ɗaure su ba aka kawo bokitin farar ƙasa, wai wata amarya za ta tare. Na tare gwaggonta a zaure na faɗa mata komai.

Da muka sauya gida tarin ya lafa, na koma cin tuwo. Alhamdulillahi. Allah ya jiƙan Inna, ya saka wa likitan nan.

Masu haya, ku kankari bango kafin ku shiga, ku zagaya ku ga abin da ake yi bayansa. Ku riƙa jan gado da damina. Buɗe taga naku ne, gyaran danshi na mai gida ne, shafe ba gyara ba ne. Tari ya daɗe, ku tafi asibiti kafin maƙwabta su sa masa suna.

Ni na warke. Amma ranar da aka maido mini Hadiza na miƙa hannu, sai ta ƙanƙame Inna tana kuka, ba ta san ni ba.