Lokacin da Risha ta ƙi cin abinci

Ni dai tun farko ban yarda da Risha ba, ita ma ba ta yarda da ni ba. Karya ce ta Hajj Mas'ud, Balaraben da Babana yake yi wa gadi da ban-ruwa a gonarsa ta kan hanyar Tamanhint. Doguwa ce siririya, kalar rairayi, haƙarƙarinta duk a waje. Ba ta haushi, ba ta kaɗa wa kowa wutsiya. Sai dai ta tsaya can nesa ta zuba maka ido har ka fara tunanin ko ka ɗauki abin wani. A raina na riga na yanke cewa aljana ce, kuma ban gaya wa kowa ba don kada ta ji.

Shekarun nan ne da kuɗin fetur ya ɓarke a Libiya. Sabha ta cika da ƙarar kamiyo, manyan motocin kaya, da ƙurar siminti, kullum ka shiga unguwar Jadid sai ka ga bene ya tsiro inda babu. Mutanenmu na Nijar suna ta kwararowa, domin fari ya cinye dabbobin gida. A cikin masu zuwan ne Baba ya aika aka ɗauko mahaifiyarsa daga wajen Abalak. Kaka ta iso da ƙullin kaya ɗaya da wani tsohon akushi. Aka ba ta ɗakin da ke ƙurya, aka ce ta huta, ta sha wahala. Mamana takan zuba mata taliya da miyar gwangwani, ni kuma in kai in ajiye a bakin ƙofa in ruga wasa.

Baba ɗan farinta ne, saboda haka ba ta kiran sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye. In tana da saƙo sai ta dube ni ta ce, "Zuwaira, gaya ma mutanen gidan ga..." alhali yana zaune kusa da ita yana ji.

To, cikin sanyin wata shekara Hajj ya tashi tafiya Tarabulus neman kwangila. Ya kawo Risha har ƙofarmu, ya shafa kanta, ya ce wa Baba da 'yar gurguwar Hausarsa, "Haruna, wannan ba kare, wannan ɗiya. In ta mutu, kada na same ka nan." Ba da wasa ya faɗa ba. Takardar zamanmu, ikama, tana hannunsa. In aikin ya tafi ita ma ta tafi, sai shurɗa, 'yan sandan can, su loda mu a mota zuwa ƙasar da ba mu bar komai a cikinta ba.

Baba mutum ne mai tsantseni da tsarki. Ya ɗaure Risha da sarƙa a gindin dabino can bayan rijiya, nesa da inda yake salla. Ya sayo nama mai kyau, wanda mu kanmu ba ma gani sai Juma'a, ya tsaya nesa ya jefa mata. Ta dubi naman, ta dubi Baba, ta ja da baya iyakar sarƙa. Washegari haka. Jibi haka. Tun tana tsayawa har ta koma kwance, tana rawar ɗari, idonta a kan hanya.

Daga nan gidanmu ya rikice da zato. Mama ta ce baki ne, akwai matar da ta yaba karyar ba ta ce tubarkalla ba. Baba kuwa zuciyarsa ta tafi kan Sale direba, Bakanon da ke kawo mana taki, wanda ya taɓa tambaya ko Hajj zai ɗauki ƙanensa aiki. An kuma ga Sale yana wurga wani abu ta kan shinge. Shi ke nan, Baba ya ce guba ce, so ake a kore shi a gaje wurinsa. Na ji shi yana ce wa Mama in gari ya waye zai je ya tsare Sale a gaban mutane, ko me zai faru ya faru. Wallahi na ji tsoro, don ban taɓa ganin idon Baba haka ba.

Bayan magariba mukan hura wuta da ƙiraren dabino a tsakar gida, Kaka ta fito da bargonta ta ba mu tatsuniya. Ranar sai ga Sale ya shigo da sukarinsa da ganyen shayi kamar yadda ya saba, bai san wainar da ake toyawa ba. Ya yi sallama, Baba ya amsa a daƙile. Ya miƙa shayi, Baba ya ajiye kofin bai kurɓa ba. Kaka tana kallon duk wannan ta gefen ido.

"To," ta ce, "ga wata nan tahe, ku ba ta hanya."

Na ce, "Ta shigo, Kaka, mun share mata wuri."

"Ke ja'ira, matso nan, ke kaɗai ke da kunne a gidan ga."

Ta ce tun zamanin da hamadar Tenere take da gulabe, raƙuman dawa suna kiwo inda yanzu babu ko tsinke, akwai irin karen nan da Buzaye ke kira oska, Larabawa su ce sulugi. Ta ce da idonta ta ga hoton karnukan a jikin duwatsun Ayar, mutanen da suka zana, har ƙasusuwansu sun zama ƙasa. Ba da hanci suke farauta ba, da ido ne, in suka hango barewa to sai dai wata ba ita ba. Ba a sayar da su, kyauta ake yi wa wanda aka girmama. A cikin tanti suke kwana, a lulluɓe su in ana ɗari domin fatarsu ba kauri, a sa musu lalle a ƙafa saboda zafin rairayi. Abin da mai gida ya sha, nono ko fura, shi suke sha.

Wani mafarauci, in ji ta, yana da irin wannan karya. Tafiyar gishiri ta kama shi zuwa Bilma, sai ya bar ta amana wajen amininsa, manomi mutumin gari. Manomin nan mai amana ne, amma bai san ta ba. Ya ɗaure ta bayan danga, ya yanka akuya, ya riƙa jefa mata tsoka daga nesa. Ta ƙi ci. Ya ce lalle maƙerin da ke maƙwabtaka da shi ne ya sa mata wani abu, ya je ya yi masa tas har maƙeri ya kwashe uwar maƙerarsa ya bar garin. Karya ba ta ci ba. Ya ce to ruwan rijiya ne, ya cike rijiyar. Ba ta ci ba. Ya koma zargin matarsa, ita ma ta yi yaji. Ya rage daga shi sai karya, ba maƙwabci, ba ruwa, ba mai dafa masa.

Nan Kaka ta tsaya ta gyara itace, ta bar mu muna jira. Sale ya daina juya shayinsa.

"Sai ya zauna shina kuka," ta ce, "ya ce, ke baiwar Allah, wa ya cuce ki? Sai karya ta buɗe baki ta ce, kai ka zargi kowa, ni kuwa kai ɗai nike zargi. Inda na tashi, dila da kura a ka jefa ma nama daga nesa, kuma da dafi a ciki. Na ga yadda suke mutuwa. Wanda ke so in rayu, zama shike kusa da ni shi miƙo hannu."

Na ce, "To sai ya miƙa? Ta ci?"

"Ni ina na sani? Nan ta tsaya mini. Sauran shina wajen mutanen gidan ga."

Can Baba ya yi gyaran murya, yana kallon ƙasa, ya ce, "Zuwaira, ce ma Inna kare fa in ya lashi mutum sai an yi wanki."

Kaka ko kallonsa ba ta yi ba. "Zuwaira, tambaye su, ruwa da ƙasa sun ƙare a Sabha ne?"

Sale ya fashe da dariya, sannan ya dafe kai. "Kai, ashe ni ma na yi wautar! Ƙashi na wurga mata ta kan shinge ran nan, Malam Haruna, don na ga ta rame. Ko shinshinawa ba ta yi ba." Baba ya ɗago ya dube shi, ya daɗe yana dubansa. Sai ya ɗauki shayin nan da ya huce ya shanye.

Da safe Baba ya kwance sarƙar. Ya shimfiɗa buhu a rumfa kusa da tokar wutar jiya, ya ɗauko wani tsohon bargon Hajj da ke rataye a ɗakin injin ruwa ya lulluɓa mata. Ya jiƙa dabino a nonon akuya, ya zauna a ƙasa, ya miƙa tafinsa. Risha ta dube shi da wannan kallo nata na tuhuma, ta kau da kai. Bai tashi ba. Rana ta ɗaga, ban-ruwa yana jiransa, bai tashi ba. Sai can ta miƙo dogon wuyanta ta lasa sau ɗaya, ta tsaya ta ga ko za ta mutu, sannan ta ci gaba. Mama ta rangaɗa guɗa, Kaka ta ce ta rufa mana baki kada ta firgita ta.

Da Hajj ya dawo Risha ta tarye shi da gudun da ban taɓa ganin irinsa ba, aikinmu ya tsira. Ni kuwa har ta tsufa ba ta taɓa yarda na shafa ta ba.

Amma akwai abin da ya biyo baya wanda a lokacin haushinsa na ji. Ranar da Risha ta ci, da azahar na ɗauki kwanon Kaka zan kai bakin ƙofa, sai Baba ya tsayar da ni. Ya ce daga yau a akushinta za a zuba, kuma ni da ita za mu ci, in shiga ciki in zauna. Na ce lalle wani ya kai ƙarata cewa ina lasar miya a hanya, na kwana biyu ina hararar Mama. Shi ma Baba ya tsiri zama a bakin ƙofar ɗakin da carbinsa duk lokacin da muke ci, wai inuwar can ta fi sanyi, a tsakiyar hunturu.

Sai da na girma, na yi nawa 'ya'yan, Kaka ta daɗe a ƙasa, wata rana ina wanke kwanuka abin ya faɗo mini. Ni ce mai ɗauko kwanonta a watannin farko, kuma kullum kusan yadda na kai shi haka nake dawo da shi. Mun ce taliya ce ba ta saba da ita ba. Tsohuwar da ta rayu tana ci cikin taron jikoki da maƙwabta, muka kawo ta garin da ba ta san kowa ba, muna ajiye mata abinci a bakin ƙofa muna wucewa. Kunya ba za ta bar ta ta gaya wa ɗanta ba, sai da karyar Balarabe ta ba ta dalili. Baba ya gane a ranar. Ni da aka ce ni kaɗai ke da kunne, sai da na yi furfura. Na ajiye soso na zauna a bakin famfo na yi kuka, 'yata tana tambayata ko wani ne ya ɓata mini rai.