Hudojin Fok ɗin Kang Tugiyo

Rumfar Ngadiran tana bakin hanyar kasuwar Bantul tun muna samari. Ba ya faci, ba ya ɗaurin birki sai in dole. Shi firam ne aikinsa, wato gangar jikin keke. In bututun keke ya tsage, sai ya zare shi daga mahaɗarsa, ya zura sabo, ya narka tagulla ta bi cikin mahaɗar ta kama. Yakan ƙwanƙwasa bututu da farce ya saurara, don na kirki bakinsa biyu ne ke da kauri, tsakiyarsa siririya. Bututun sama, na ƙasa, na sirdi, kowanne da muryarsa a kunnen Ngadiran.

Yana da wata ɗabi'a. Kowane keke aka kawo masa, sai ya durƙusa a gaban fok, ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe tayar gaba, ya soka waya cikin ƴan hudojin da ke gindinsa.

"Mas Ngadiran, susar kunne kake wa keken?" in ji mata masu kai kayan miya kasuwa. "In ka gama ga nawa."

Sai ya yi murmushi, ya ci gaba da sokawa.

Maƙera ne ke barin hudojin, don iska mai zafi ta fita lokacin walda. Daga baya kuma ruwan da ya saci hanya ya shiga bututun, ta nan yake tsiyayewa. Wanda ya san daminarmu ya san amfaninsu.

Shekarar da ya yi aure, yayan matarsa, Kang Tugiyo (a wajenmu Kang ake kiran yaya, Dik kuma ƙane), ya kawo masa keke a sake fenti. Da shi yake kai sukarin kwakwa birnin Yogya, kwando biyu a kariya.

"Dik, waɗannan ramukan fa? Kamar gara ta ci. Toshe mini su fentin ya kwanta sosai."

Ngadiran ya san abin da ya sani. Amma sabon suruki ne, kuma a wajenmu ƙarami ba ya ce wa babba a'a a fuska.

"To, Kang," ya ce. Ya ɗiga tagulla, ya goge, ya shafa baƙin fenti. Keken ya yi kyau ƙwarai.

Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo ta. Wata safiya a gangaren gada ƙafar fok ɗin ta karye, Tugiyo ya faɗi da kwandunansa, gwiwarsa ta dama ta daki bakin kwalta. Bai ƙara hawa keke ba. Shi ya ce rami ne a hanya, mutane suka ce ƙaddara. Ngadiran ne ya je ya ɗauko keken. Ina rumfar lokacin da ya kifa guntun fok ɗin, jan ruwan tsatsa ya ɗigo masa a kan yatsun ƙafa. Daga waje fentin yana nan da ƙyallinsa. Ya tsaya yana kallon yatsunsa, sannan ya tura guntun ƙarƙashin benci.

Duk ƙaramar Sallah, bayan idi, mukan durƙusa a gaban manya, mu ɗora goshi a gwiwarsu, mu nemi yafiyar laifin fili da na ɓoye. Kowa yana faɗa, baki ya saba. Ngadiran kuwa in ya ɗora goshinsa, gwiwar dama yake zaɓa, kuma ba ya tashi da wuri.

"Tashi, ka danne mini ragowar ƙafa," Tugiyo yakan ce yana dariya. "Kai kullum ka fi kowa daɗewa. Akuyar wa ka sata? Na yafe, je ka ci abinci."

Sai ya tashi, ya ci kaɗan. Yafiyar da aka yi maka ba a san na me ba, ban sani ba ko tana zama a ciki. Kuma in ya faɗa, wa zai ɗauki nauyin laifin? Ai Tugiyo ne ya ce a toshe.

Bara, dukansu da furfura, Tugiyo ya ɗingiso rumfar yana tura wani tsohon keke da ya samo wa jikarsa Lastri, ta riƙa zuwa makaranta.

"Dik, a yi mata koren fenti. Ka toshe ramukan nan kamar na wancan karon, wannan aikin ya yi kyau."

Ngadiran yana durƙushe, waya a hannunsa.

"A'a, Kang."

Ban taɓa jin kalmar a bakinsa ba. Tugiyo ma haka, da alama.

"Me ka ce?"

"Ta nan ruwa yake fita, Kang. In an toshe, ciki yake ci."

Tugiyo ya dubi hudojin. Ya dubi surukinsa, sannan hannunsa ya sauka a hankali kan gwiwar dama. Ya nemi benci ya zauna, daidai saman guntun nan da har yau yana ƙarƙashi. Babura suna ta wucewa a hanya.

"Tun lokacin ka sani?"

"Tun lokacin, Kang."

Tugiyo ya gyaɗa kai. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba.

"Koren kada ya yi duhu," ya ce. "Yarinya ce."

Ngadiran ya soka wayar a huda ta biyu.